Masa Ma Ilmi Ce

Kowa ya san ƙasar Gwandu ya san ƙasar shinkafa ce. Fadamun Kalgo da na Bunza sun ishe mu shaida, kuma a Birnin Kebbi ne aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance cikin watan Nuwamba na 2015. Amma ga abin mamaki: yaron da ubansa ya noma shinkafar nan, in gari ya waye burodi ya ke nema, alhali kuwa mafi yawan alkamar da a ke yin burodin da ita daga ƙetaren teku a ke sayo ta. Masa da nakiya da tubani da gauda kuwa, sanin yadda a ke yin su sai ƙara komawa ya ke yi hannun tsofaffi. A ganina lokaci ya yi da za a shigar da wannan sani makaranta.

Bari mu ɗauki misali daga wata ƙasar shinkafa mai nisa, watau Biyetnam, can gabashin duniya. Faransawa sun kama birninsu na Saigon a 1859, ba su bar ƙasar ba sai 1954, kuma su ne suka kai musu burodi. Mutanen ba su ƙi shi ba. Sun karɓa, suka cusa masa nama da ganyaye irin nasu, har ya zama abincin da aka san su da shi, mai suna banh mi. Amma ba su yar da nasu na gado ba. Ko wace sabuwar shekara tasu sukan yi banh chung: shinkafa mai danƙo da wake da nama, nasu dai na alade ne wanda ba mu ci, a naɗe cikin ganye, a ɗaure shi kusurwa huɗu, a dafa wajen awa 10 ko fiye, iyali na zaune gindin wuta. Labarin ɗan sarkin da suka ce shi ya fara yin sa, Lang Lieu, har cikin littattafan karatun yara suka sa shi. Abin da ya kamata mu lura da shi ke nan.

Na san waɗansu malamai za su ce makaranta ba madafa ba ce, aikinta karatu da lissafi da kimiyya. To, mu dubi masa. A jiƙa shinkafar tuwo, a niƙa, a zuba dafaffiya kaɗan, a rufe ƙullun ya kwana. Me ya sa ya ke tashi? Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani su ke cin zaƙin da ke ciki, suna fid da iska, ita ce ke sa masa ta yi ramuka. Me ya sa a ke ɗiga ruwan kanwa? Domin kanwa tana kashe tsami. Wannan shi ne darasin da mu ke wahalar zanawa a allo, ga shi kuwa yana cikin ƙwaryar uwar yaron. Lissafi fa? A ba yaro kuɗin mudun shinkafa, da na mai, da na itace, da yawan masar da tanda ta fitar, a ce ya nemo ribar mai tuya. Wanda ya iya wannan ba zai ruɗe a gaban littafin kuɗi na ofis ba.

Abin da za a yi asara ba ɗanɗano kaɗai ba ne. Da tuyar masa da ƙosai mata da yawa ke ciyad da marayu, su kuma biya kuɗin makaranta. Nakiya, wadda a ke kai wa cikin garar amarya, takan yi watanni ba ta lalace ba, ba tare da firji ba. Ganyen kalgo, wanda sunansa ɗaya da na garin, da shi a ke naɗe gauda, in an yar ya ruɓe ya zama taki. Ledar da ta maye gurbin ganye kuwa toshe magudana ta ke yi, ta kashe awaki.

Saboda haka ga roƙona. Ko wane malami ya aiki almajiransa, maza da mata, su zauna gaban kakanninsu su rubuto yadda a ke yin abinci guda, da awonsa daidai: mudu nawa, ludayi nawa, awa nawa. Kwalejojin horon malamai su tattara, su gwada, su buga ɗan littafi da Hausa. Ku kuma akawuna, ku ne ke rubuta takardar sayen abinci ran taro da na ɗakin kwanan 'yan makaranta. Ku tuna da mai tanda ta unguwarku kafin ku aika a sayo katan na biskit.

Ba wanda ya ce a bar cin burodi. Amma Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tsofaffin nan ba za su jira mu har abada ba. Allah ya sa mu rubuta tun suna da rai, amin.