Asalin Talaka Ma Tarihi Ne

'Yan'uwa ɗalibai da samarin ma'aikata, ku tari kowane ɗan boko daga Basirka, ko Fagam, ko Sara, ku tambaye shi sunan kakan kakansa. Da wuya ya wuce kaka biyu bai fara kame-kame ba. Alhali kuwa jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda yana nan a rubuce, har Bature Palmer ya juya shi da Turanci a 1908. Asalin manomi da maƙeri da majemi kuwa a bakin tsofaffi kaɗai yake, ga shi kullum muna raka su makwanci ɗaya bayan ɗaya.

Akwai masu cewa bin diddigin asali alfahari ne da neman fitina. To, su gaya mana yadda alƙali zai raba gadon gona ba tare da sanin wane ya haifi wane ba, ko yadda za a sada zumunci da dangin da ba a san sunansu ba. Tun da aka fitar da Jihar Jigawa daga Kano a 1991, yaro ba ya shiga babbar makaranta ko aikin gwamnati sai da takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, kuma wanda ba shi da mai tsaya masa kan asalinsa shi ke shan wuya. Gwaram ga ta a bakin iyakar Bauchi, aure da ƙaura sun warwatsa gida ɗaya cikin jihohi uku.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne wayayyun da ke cewa a miƙa komai ga kamfanonin Amurka. Kaico! A 2020 aka sayar da kamfanin Ancestry ga 'yan jari-hujjar Blackstone a kan dala biliyan 4.7, tare da duk asalin da jama'a suka zuba a ciki da hannunsu. A Maris 2025 kamfanin 23andMe ya karye, bayanan jinin mutum wajen miliyan 15 suka shiga cikin kadarorin da ake ciniki a kansu. Kakanninmu sun biya haraji da jangali, sun noma gyaɗar da aka tara dala a Kano aka kwashe. Yanzu kuma sunayensu za mu bayar kyauta, mu dawo muna biyan kuɗin wata kafin mu duba su?

Hanya tana nan, watau manhajar da aka bar tsarinta a buɗe, kowa na da ikon ɗauka, ya gyara, ya rarraba. Gramps tana nan tun 2001. Webtrees ta fito a 2010 daga wata da ta gabace ta, PhpGedView. Ƙungiya za ta ɗora ta a kan kwamfutar da take iko da ita, ɗan'uwa a Legas ya shigar da abin da ya sani, 'yar'uwa a Birnin Kudu ta ƙara nata, mai tacewa ya duba kafin a amince. Tana ɓoye bayanan rayayyu daga baƙi, tana karɓar shekarar Hijira, kuma ranar da aka so tashi, a kwashe kundin duka cikin tsarin GEDCOM a kai wani wuri. Gaskiya ne ɗarikar Mormon ta Amurka ce ta ƙirƙiro GEDCOM a 1984, aka dasa shi a kan sunan iyali irin na Turawa. Mu kuwa sunan uba muke ɗauka, ko na gari kamar Malam Aminu Kano, ga laƙabi, ga alkunyar da ke sa a kira yaro Abba ko Ummi har a manta sunan yanka. Da yake manhajar a buɗe take, gyara ta don ta dace da wannan aiki ne na masu karatun kwamfuta a Dutse da Kafin Hausa.

Amma fa a yi hattara, domin babban makiyin wannan aiki cikinmu yake. Da zarar mutum ya sami muƙami sai asalinsa ya fara tsawo: jiya jikan maƙeri ne, yau ya fito daga Barno, gobe Sharifi ne daga Makka. Kakar da aka kamo a yaƙi ana share ta, sunayen mata ana tsallake su kamar maza kaɗai suka haife mu. Kundin da mutum ɗaya ya rubuta, abin da ya ga dama shi zai sa. Wanda dangi suka haɗa hannu a kai kuwa, kowace magana sai an rubuta wanda ya faɗe ta da ranar da ya faɗa. In Goggo da Baffa sun saɓa, a ajiye ruwayar biyu gefe da gefe, kamar yadda malamanmu ke yi da isnadi.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyin ɗaliban Gwaram da Birnin Kudu, babban hutun nan mai zuwa kowa ya ɗauki wayarsa ya zauna gaban tsofaffin gidansu ya naɗi maganarsu, da izininsu. A fara da tsofaffin mata, su suka san wanda ya sha nonon wa.