Zane Ya Kammala, Gida Ya Watse: Ra'ayi a Kan Wasan *Sunday in the Park with George*

Akwai wani tsohon ra'ayi da ya samu gindin zama a adabin Turai, wai mai fasaha na gaske ba a auna shi da mudun da ake auna sauran mutane. In ya wulaƙanta matarsa ko ya yi watsi da 'ya'yansa, sai a ce baiwarsa ce ta jawo. Wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe na *Sunday in the Park with George*, wanda Stephen Sondheim ya tsara waƙoƙinsa da kiɗansa, James Lapine kuma ya rubuta labarinsa, ya ƙi bin wannan turba. A ganina, a nan babbar darajarsa take.

Wasan ya hau dandamalin Broadway a birnin Niyu Yok a 1984, ya kuma samu kyautar Pulitzer ta wasan kwaikwayo a 1985. An gina shi ne a kan zane guda na Georges Seurat, Bafaranshen da aka haifa a 1859, ya rasu a 1891 yana da shekara 31. Daga 1884 zuwa 1886 Seurat ya duƙufa wajen zana mutanen Faris da suka fita shan iska ranar Lahadi a tsibirin La Grande Jatte, cikin Kogin Sen. Faɗin zanen ya kai kimanin mita uku, tsayinsa mita biyu, kuma yana ajiye a Cibiyar Fasaha ta Shikago. Salon Seurat shi ne ya jera ƙananan ɗigo-ɗigo na launuka daban-daban kusa da juna, ya bar wa idon mai kallo aikin gauraya su daga nesa.

A kashi na farko an nuna George tare da masoyiyarsa Dot, wadda take tsaya masa yana zana ta. Ma'anar sunanta a Turanci "ɗigo", kuma sunan ya faɗi matsayinta a wurinsa. Tana tsaye cikin zafin rana tana jiran ya kula ta, shi kuwa yadda haske ya sauka a jikinta yake nazari. Ya yi mata alkawarin za su fita tare da dare, sai ya fasa saboda bai gama zana wata hula ba. Daga ƙarshe ta haƙura ta bi Louis mai gasa burodi, ɗauke da cikin George, suka nufi Amurka. Da ta kawo masa jaririyar kafin tafiya, ko ɗaga kai bai yi ya dube ta ba.

Abin burgewa shi ne yadda kiɗan kansa ya ɗauki nauyin jigon. Sondheim ya yi amfani da gajerun sautuka masu tsinkewa, tamkar ɗigon buroshi a kan allon zane. A wata fitowa George yana ɗiga fenti a gefe guda, Dot tana dangwala hoda a fuskarta a ɗaya gefen, amo ɗaya ya haɗa su amma kowa da inda hankalinsa yake. A ƙarshen kashin, lokacin da mutanen tsibirin suka kaure da cacar baki, George ya tsayar da su, ya ajiye kowa a gurbinsa har suka zama zanen da duniya ta sani, muryoyinsu suka haɗu cikin jituwa. Mai kallo yana ganin kyan abin, yana kuma sane da cewa mutumin da ya daidaita wannan taro duka ya kasa daidaita tsakaninsa da mace ɗaya.

Ana iya sukar wasan da cewa ya saɓa wa tarihi, kuma sukar tana da tushe. Dot ƙirƙira ce. Masoyiyar Seurat ta haƙiƙa ita ce Madeleine Knobloch, wadda ya zana tana shafa hoda, ya kuma ɓoye ta ga danginsa har dab da rasuwarsa. Ɗan da ta haifa masa bai daɗe ba ya bi mahaifinsa. Ke nan wasan ya sake ɓoye matar da aka riga aka ɓoye. Duk da haka, ƙirƙirar Dot ta ba marubutan damar da tarihi bai bayar ba, wato su sanya mace ta yi magana, ta auna abin da take samu da abin da take rasawa, ta yanke wa kanta hukunci. Dot tana koyon karatu da wani ɗan littafin nahawu, tana rubuta tunaninta a cikinsa. Ta san darajar aikin George sarai, kuma da saninta ta tafi.

Suka ta biyu ta shafi kashi na biyu, wanda wasu manazarta ke ganin bai kai na farko armashi ba. An tsallaka shekara ɗari zuwa 1984, inda wani George, tattaɓa-kunnen na farko, yake ƙera na'urori masu fitar da haske, yana fadanci ga attajirai a gidan adana kayan fasaha domin samun kuɗin aiki, basirarsa kuma ta tsaya cik. Ni kuwa ina ganin in aka cire wannan kashi, hujjar wasan ta rushe. Abin da ya ceci George na biyu ya biyo ta hannun kakarsa Marie, jaririyar nan da aka ƙi duba, da kuma littafin Dot da ya gada. Da ya je tsibirin yana karanta shi, Dot ta bayyana gare shi ta ƙarfafa masa gwiwa ya ci gaba. Ashe mutanen da mai zane ya ɗauka cikas ne ga aikinsa su ne suka riƙe gadonsa. Shi kansa Sondheim ya san wannan tsayawa cik, domin wasansa na 1981, *Merrily We Roll Along*, an rufe shi bayan nuni 16 kacal.

Wani abin lura shi ne, sulhun da aka yi a ƙarshe da tattaɓa-kunne aka yi shi. George na farko ya mutu bai nemi gafarar kowa ba, marubutan kuma ba su ƙaga masa tuba ba. Sun bar zanen da kyansa, sun bar laifin da nauyinsa, suka ƙi yarda ɗaya ya shafe ɗaya. Wannan gaskiya ce da ba kasafai ake samunta a wasannin da ke yabon masu baiwa ba.

Saboda haka, duk manazarcin da zai tunkari tarihin rayuwar wani fasihi, mai zane ne ko mawaƙi ko marubuci, yana da abin koyi a nan. Bayan ya gama bayyana kyan aikin, ya kamata ya nemi sanin waɗanda suka tsaya cikin rana domin aikin ya kammala, ya kuma ba su wurin magana.