Laifin Ruwa Ne, Ba Na Sabulu Ba

Sau da yawa akan ji matan aure da masu wanki da guga suna kukan cewa sabulun yanzu ba shi da auki, wai ko an cuɗa ba ya kumfa. To, kafin a ɗora wa 'yan kasuwa laifi, kamata ya yi a dubi ruwan da ake wankin da shi.

Shi dai sabulu, ko na kanti ko sabulun salo da iyayenmu mata ke dafawa, asalinsa ɗaya ne, wato mai ko kitse ake haɗawa da ruwan toka ko soda. Tun a 1823 wani masani Bafaranshe mai suna Chevreul ya bayyana yadda wannan haɗi yake. Kowace ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son maiƙo. Wutsiyar ta kama dauɗa, kan kuma ya riƙe ruwa, saboda haka da an ɗauraye sai dauɗar ta bi ruwa.

Amma ruwan rijiya da na burtsatse, musamman inda ake da dutsen farar ƙasa kamar Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe, yakan kwaso sinadaran kalshiyam da magniziyam. Su ne ke danne sabulu, su mai da shi wani farin tsaki mai maƙalewa a bokiti da tufa, kuma kumfa ba ta tashi sai sun ƙoshi. Ke nan ƙaramin ma'aikaci da ɗalibin makarantar kwana suna ciyar da ruwa sabulun da suka saya da guminsu.

Maganin ba mai tsada ba ne. Tafasa ruwa yakan rage wani kashi na sinadaran, 'yar kanwa a ruwan wanki takan kwantar da su, ruwan sama kuwa kusan ba ya ɗauke da su. Garin wanki irin su Omo shi ma yana kumfa a irin wannan ruwa.

Don haka muna kira ga hukumomin ruwa na jihohi da su riƙa auna ruwan kowace unguwa suna sanar da jama'a sakamakon. Malaman kimiyya kuma su gwada wa ɗalibai da kwalabe biyu, ɗaya ruwan sama, ɗaya ruwan rijiya, su ga bambancin kumfar da idonsu. Hausawa dai sun ce rashin sani ya fi dare duhu.