Daga Lokeshin: Ba sai da Photoshop hoto ke yin kyau ba

Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku kwanan nan ba ta auren wata jaruma ba ce, ba kuma ta rigimar furodusa da darakta ba. Samari da 'yan mata ne da suka samu 'yar kyamara ko waya mai kyau, suna zuwa lokeshin ko wajen biki su ɗauki 'yan wasa, sai su ce da ni: "Wace manhaja zan sa in gyara hoton ya fito kamar na fosta?" Kafin ma in buɗe baki sun ba kansu amsa, wai Photoshop.

To, ni ba na raina Photoshop. Hasali ma ɗan gida ne a harkar fim. Wa da ƙani ne suka ƙirƙire shi a Amurka, Thomas Knoll da John Knoll, kuma shi John ɗin ma'aikaci ne a Industrial Light & Magic, kamfanin da George Lucas ya kafa don yin siddabarun fim ɗin Star Wars. Ya shigo kasuwa a 1990. Na bakwai ɗinsa, wanda ya fito a 2002, shi ya raini da yawa daga masu haɗa mana fosta da kwalin kaset, kuma har yau za ka shiga wani situdiyo ka tarar da shi a tsohuwar kwamfuta yana ta aiki abinsa.

Sai dai tun 2013 kamfanin Adobe ya mayar da duk sabon da zai fito na haya. Kana biya wata-wata, ranar da ka daina ya rufe maka ƙofa. Shi ya sa yara ke rugawa wajen mai tura wanda aka fasa, su ɗauko shi tare da ƙwayar cutar da za ta cinye musu hotunan shekara guda. Abin dariya, mu ne kullum ke kuka da masu satar fasaha sun kashe kasuwar fim!

Bari mu duba ainihin matsalarka. Ka ɗauki jarumi da azahar, rana ta take tsaka, yana sanye da farar shadda da hula. Kyamara ta ga farin kaya ya yi yawa, sai ta rage haske, fuska ta dushe, inuwar hula ta rufe ido. In ka ƙara hasken hoton gaba ɗaya, fuska ta fito amma shaddar ta ƙone, aikin wuyan rigar ya ɓace. Wannan ita ce jarrabawar da za ka yi wa kowace manhaja: za ta iya ɗaga inuwa ita kaɗai, ta danne wurin da ya yi fari shi kaɗai? In za ta iya, ta gama maka fiye da rabin aiki.

Kuma Snapseed na iyawa, kyauta, a cikin wayarka. Google ya saye ta a 2012. Kana ɗora yatsa a kan fuska ka haska ta, rigar na nan yadda take. Lightroom ta waya ma tana da waɗannan ma'aunai na inuwa da haske ba tare da ka biya ko sisi ba, sai in ka nemi manyan kayan aikinta. Mai kwamfuta kuwa yana da GIMP, wadda ba a taɓa sayar da ita ba, ta uku ɗinta ta fito a 2025. Ba zan ɓoye maka ba, makon farko za ta ba ka ciwon kai, amma yanke mutum daga bango da jera 'yan wasa biyar a fosta ɗaya duk tana yi. Wanda kyamararsa ke ɗaukar ɗanyen hoto, wato RAW, ya nemi darktable. Mai neman Picasa kuma ya haƙura, Google ya binne ta tun 2016.

Inda nake so ku tsaya ku saurare ni shi ne batun fata. Akwai manhajojin da ke "gyara fuska" da dannawa ɗaya. Wallahi na sha ganin hoton 'yar wasan da na sani baƙa ce kyakkyawa, an mayar da ita fara sol kamar 'yar Indiya, an goge hanci, an share ɗan tabon da kowa ya san ta da shi. Masu amfani da ƙirƙirarriyar basira irin su Remini sun fi ban tsoro, domin in hoton ya dushe ba dawo da fuskar suke ba, kintace suke su zana wata. Hoton ya zagaya gari, gobe a ce yarinya ta soma shafa mai, ita kuwa ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Tana da iyaye, tana da mai neman aurenta. Saboda haka kafin ka amince da manhaja, gwada ta da hoton yayarka ko ƙanwarka. In ka nuna wa Hajiya ta ce "wace ce wannan?", goge ta daga wayar.

Saura abu ɗaya, shi ne ajiya. Hoton JPEG na raguwa duk lokacin da ka gyara ka sake adana shi a kan kansa, don haka zaɓi wadda za ta bar maka na asali ta fitar da kwafi. In za ka wanke ɗan ƙaramin kati mai inci 4 da 6, kana bukatar ɗigo 1200 da 1800. Cikakken shafin A4 kuwa sai 2480 da 3508. Masu aiko mana hotuna ta WhatsApp, don Allah ku riƙa turowa a matsayin fayil, domin in kun turo ta hanyar da aka saba matse shi yake, ya iso mana bai isa ko kwatan shafi ba.

A fito na gaba za mu shiga batun ɗaukar hoto da daddare a wajen gala. Sai mun haɗu.