Sharhi: Wa ke riƙe da littafin fasinja a gaɓar Kainji?



Ranar Laraba 26 ga watan Mayu na 2021, wani jirgin ruwa na katako ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ya nufi Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi. Bai kai gaci ba. A tsakiyar ruwa ya tsage, ya nutse da maza da mata da yara. Waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Kwana da kwanaki masunta suna bin ruwa suna ɗauko gawa, iyaye na tsaye a gaɓa, kowa na jiran nasa. Allah ya jiƙansu, ya sa sun yi shahada.

To amma mutum nawa ne a cikin jirgin nan? Wani jami'i ya ce 150, wani ya ce sun haura 160, wani kuma ya ce 180. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya nuna cewa babu wata takarda mai ɗauke da sunaye da za a ɗauko a karanta. Tazarar mutum talatin ke nan tsakanin bakin wannan da na wancan, kuma kowane ɗaya daga cikin talatin ɗin ɗan wani ne, mijin wata ne, uwar wasu ce.

Ba rashin doka ne ya kawo haka ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wato NIWA, tun 1997 aka kafa ta, hedikwatarta na Lokoja, kuma tana da ofishin yanki a nan Yauri. Ta daɗe tana cewa kada a yi lodin da ya wuce kima, kada a yi tafiyar dare, kada kowa ya hau jirgi ba rigar kariya. An sake tattara waɗannan ƙa'idoji a dokokin sufurin ruwa na 2023, an kuma fara tura masu sa ido zuwa tashoshin jiragen ruwa. Ga kuma hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, HYPPADEC, wadda aka yi dokarta a 2010 amma sai bayan kusan shekara goma ta fara aiki, ta raba rigunan kariya a garuruwan bakin ruwa. Duk da haka, a watan Oktoba na 2023 wani jirgin ya sake kifewa da 'yan kasuwa a hanyarsu ta zuwa Yauri.

Saboda haka tambayar da ya kamata mu yi ita ce: bayan an sa wa doka hannu a Lokoja ko Abuja, wace hanya take bi a cikin hukuma har ta iso hannun ƙaramin ma'aikacin da ke tsaye a gaɓa da ƙarfe shida na safe? A nan ne gizo ke saƙar.

Bari in ba ku abin da na gani da idona a wata tashar jirgi da ba zan ambaci sunanta ba. A jikin bango an manna sakula, da Turanci, rana ta cinye rabin rubutun, ruwan sama ya wanke sauran. A cikin wani ɗan ɗaki, ta tagar da ta karye, ina hango rigunan kariya jibge har yanzu a cikin ledarsu, ƙofa da kwaɗo. Mai makulli ya tafi gari. A ƙasa kuwa ana ta loda buhunan albasa da babura, wata baiwar Allah da goyo tana neman inda za ta sa ƙafa. Na tambayi wani dattijo matuƙi, na ce, "Baba, mutum nawa jirgin nan ke ɗauka?" Ya dubi gefen jirgin, ya auna tazarar da ke tsakanin baki da ruwa da tafin hannunsa, ya ce, "Malam, in ruwa ya kawo nan, mun cika." Ban ga laifinsa ba, da abin da ya gada yake aiki. Amma babu wanda ya taɓa zuwa ya auna jirginsa ya rubuta masa adadi a jiki, kuma takardar da ke bango ba da shi take magana ba.

Kowace ƙa'ida ta cikin gida a hukumar gwamnati tana buƙatar mai ita, mutum guda mai suna da muƙami wanda za a kira in an karya ta. Ƙa'idar da aka ce ta kowa ce, ranar da abu ya ɓaci sai a nemi mai ita a rasa. Wa ke riƙe da littafin rajistar fasinja? Wa ke duba shi a ƙarshen mako ya sa hannu? In an yi wa jami'i canjin wurin aiki, littafin da makullin sito suna cikin takardar miƙa aiki, ko kuwa sun bi shi? Da yawa daga cikin kyawawan tsare-tsarenmu a haka suke mutuwa: mutum mai himma ya zo ya kafa, a ɗauke shi, wanda ya gaje shi ya tarar da teburi babu komai.

Sannan ƙa'ida sai ta san ƙasar da za ta zauna a kai. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya mamaye tsibirai da gonaki, aka tashi mutane kusan 44,000 daga matsugunansu, tafkin nan ya zama hanyar Gungawa da Sarkawa da Lopawa da Kambari da duk mai fatauci tsakanin Kebbi da Neja. Kututturan itatuwan da ruwa ya rufe suna nan a ƙasa, shi ya sa hana tafiyar dare gaskiya ne, ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Amma kasuwa takan kai magariba ba ta watse ba. Mace takan fara naƙuda tsakar dare a tsibiri. Wani lokaci kuma mutane gudun 'yan bindiga suke yi. Me takardar ta ce ma'aikaci ya yi a irin wannan hali? In ta yi shiru, to an bar shi da zaɓi biyu, ko ya kau da kai, ko ya karɓi na goro ya kau da kai. Hukumar da ke son dokarta ta rayu sai ta rubuta har da yadda za a yi in larura ta zo, ta kuma sa ranar da za a zauna a sake duba ta, tare da waɗanda ke aiki da ita kullum.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A wannan tafki dai, a shekarun 1990, an yi shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi, tare da cibiyar binciken kifi ta New Bussa. Kowace shekara ana bin ƙauyuka ana ƙidaya jirage da kayan kamu. Da aka ga dala, ragar nan mai ƙananan idanu, tana share warangi har da 'ya'yan manyan kifaye, sai aka hana ta, aka shigo da lasisi. Abin lura shi ne ba daga ofis aka tsaya ana ba da umarni ba. An bi ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa da wakilan masunta, aka yi musu bayani da harshen da suke ji, suka zama su ne idon doka. Da shirin ya ƙare, sa ido ya yi sanyi, kuma masunta da kansu za su gaya maka dala ba ta ɓace ba. Wato abin ya yi aiki lokacin da akwai mai ƙirga da mai tambaya, ya kuma ja baya da suka tafi.

Akwai wani abu da ke damuna. Hukumomin da ke da hannu a ruwan nan suna da yawa: ta tarayya, ta jiha, ƙaramar hukuma, ƙungiyar matuƙa, masu ba da agajin gaggawa. Jirgi ya tashi a Neja ya sauka a Kebbi, kowa na iya cewa ba a gabana aka yi lodi ba. NIWA kuwa ikonta ya haɗa gaɓa biyu, don haka nauyin haɗa kan sauran a wuyanta yake.

Kiranmu ga ofishin NIWA na Yauri shi ne ya fitar da ƙa'idojinsa da Hausa, boko da ajami, a karanta su a tasha da masallaci da gidan rediyo. A auna kowane jirgin haya a rubuta adadinsa da fenti a jiki. A ajiye littafi a Yelwa da Wara da Zamare da sauran manyan tashoshi, a bayyana sunan mai riƙe da shi, Sarkin Ruwa ya riƙa sa hannu tare da jami'i. Masarautar Yauri da shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga su nemi a riƙa kawo musu rahoton littafin nan duk wata.

Kai kuma mai sauraro, ke kuma mai sauraro, ranar kasuwa mai zuwa kafin ku sa ƙafa a jirgi, ku nemi a rubuta sunanku, ku nemi a ba ku riga. In an ce babu littafi, ku tambayi wanda ya kamata ya riƙe shi.