Shafin biyan kuɗi yana aiki, na karatu fa?

Ku tambayi duk ɗalibin jami'ar da ya fito daga Zagga, ko Ka'oje, ko Illo, abin da ya sani game da fasahar zamani a makarantarsu. Zai ce muku da ita ya yi rajista, da ita ya biya kuɗin makaranta, da ita yake duba sakamako. Ku sake tambayarsa ko ya taɓa samun darasi guda ta wannan hanya. Mafi yawansu dariya za su yi. Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun san dalili: inda za a karɓi kuɗi an kira ƙwararru an biya su, inda za a ba da ilimi an ce a jira kasafin baɗi.

Shekarar 2020 ce ta tona asirin. A watan Maris aka rufe makarantu saboda korona, a cikin watan kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Wasu jami'o'i masu zaman kansu sun ci gaba da darasi, 'ya'yan talakawa kuwa suka koma gona da kasuwa. A 2022 aka sake yin wata takwas a gida, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ba mu ce manhaja za ta hana yajin aiki ba, kuma malamin da aka riƙe wa haƙƙinsa ba zai hau waya ya koyar ba. Amma da akwai darussan da aka riga aka naɗa aka adana, da ɗalibi ya sami abin bita maimakon ya dawo aji kansa fayau.

Abin takaici, darasin da aka ɗauka daga wannan shi ne a ƙara sayen kaya. A gina ɗaki, a jera kwamfutoci, a rataya allo mai amsa taɓawa, a gayyato manyan baƙi su yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Bayan wata shida batiran sola sun mutu, makulli yana aljihun wani, ƙura ta rufe komai. Mun shiga irin waɗannan ɗakuna da ƙafarmu. Mu ma 'yan sana'ar nan muna da namu laifin: kwangilar sayo na'ura ta fi ta horar da malamai maiƙo, don haka ita muke rubuta wa takardar nema. Mukan gwada manhajarmu a ofis mai sanyi a Abuja, kan intanet mai gudu, mu ce ta yi.

To ta yi wa wa? Ɗalibin da ke hutu a ƙauyen bakin iyaka, wanda wani lokaci wayarsa layin Jamhuriyar Benin take kamawa, cajin waya ma sai ya biya mai janareta. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Darasin bidiyo kai tsaye na awa ɗaya yakan cinye rabin giga ko fiye. Muryar malami ta awa ɗaya, idan an matse ta yadda ya kamata, ba ta wuce mega 15 ba. Bayanin darasi a rubuce bai kai ko mega ɗaya ba idan ba a cika shi da hotuna ba. Wannan lissafi kowane ɗan aji biyu a sashen kwamfuta zai iya yin sa. Wanda ya zaɓi bidiyo kai tsaye a matsayin hanya ɗaya tilo, ya riga ya zaɓi waɗanda zai koyar, kuma ɗan Zagga ba ya cikinsu.

Wasu za su ce, tunda babu wuta babu intanet, a bar zancen har ƙasa ta gyaru. Ba mu yarda ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma yaranmu suna hawa mota su je su zauna mata, wasunsu ranar ce ta farko da suka taɓa na'urar. Idan ana iya tilasta wa yaro kwamfuta don a tace shi, me ya hana a yi amfani da ita don a koyar da shi bayan ya shiga? Kuma jama'ar nan ba baƙin karatu daga nesa ba ne. Iyayenmu sun ɗauki tafsirin Shaihu Abubakar Gumi ta Rediyon Kaduna, sannan ta kaset. Yau wa'azi da fim suna yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da Xender, ko a wajen masu turi a bakin kasuwa, ba tare da an ƙona data ba. Tun kafin wannan, Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru: jajis suna ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa mata har ƙauyukansu. Ita ta duba halin mai koyo ta aika masa da ilimi. Jami'o'inmu a Aliero, da Birnin Kebbi, da Sakkwato suna zaune ne a ƙasar da aka yi wannan.

Kayan aikin ma ba tsada gare su ba. Manhajar Moodle, wadda jami'o'i da yawa a duniya ke koyarwa da ita tun fitowarta a 2002, kyauta ce, kuma tana barin ɗalibi ya sauke darasi ya karanta ko babu intanet. Ana iya ɗora ta kan kwamfuta guda a cikin makaranta, a haɗa da sola da na'urar raba sadarwa, duk wanda ya shigo harabar ya kwashi darussan mako a wayarsa ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Abin da ke da tsada shi ne lokacin malami. Wanda ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai a aji ɗaya, yana duba takardunsu da hannu, ba zai ƙara wa kansa aikin naɗar darasi don Allah da Annabi kawai ba. Dole a rage masa wani nauyin, a haɗa shi da mai taimako, a kuma lissafa wannan aiki a cikin ƙarin girma kamar yadda ake lissafa maƙalun bincike. Akwai kuma gaskiyar da ba a son faɗa: a wasu sassan, takardun darasi haja ce ta sayarwa, kuma wanda ke cin ribarta ba zai yi murna da a ɗora su kyauta ba. Wannan ba matsalar na'ura ba ce, aikin hukumar jami'a ne ta tsawatar.

Don haka ga abin da muke nema daga shugabannin jami'o'i da asusun TETFund. Kafin a sa hannu kan kwangilar sayen kaya, a tambayi nawa aka ware don horo da gyara na shekaru masu zuwa. Kowane kwas na 'yan shekarar farko ya kasance yana da bayani a rubuce da murya, wanda za a iya saukewa. Inda ya kyautu, a ƙara taƙaitaccen sharhi da Hausa, domin da yawa turancin ne ke kayar da su, ba lissafin ba. A ba ɗaliban sashen kwamfuta wannan aiki a matsayin aikin kammala digiri, maimakon manhajojin da ake rubutawa a jefar.

Gwajin kuma guda ne. A ɗauki ƙaramar waya mai arha, a sa mata datar naira ɗari biyar, a kai ta Zagga da damina. Idan darasi ya buɗe, a biya ɗan kwangila. Idan bai buɗe ba, a riƙe kuɗin, ko da kuwa mu ne muka yi aikin.