Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Ilimi: A Duba Kundin Kammala Karatu

Mai girma Minista,

A watan Agustan 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta dakatar da kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na tarayya har tsawon shekara 7, domin a samu sararin gyara waɗanda ake da su. Ina cikin malaman da suka yi na'am da wannan mataki. Na rubuto ne in nuna maka wani wuri da ya kamata gyaran ya fara, wurin da ba a cika ambatonsa a tarurruka ba saboda ana ganinsa ƙarami: kundin binciken da kowane ɗalibi yake rubutawa a shekararsa ta ƙarshe, wanda yaranmu ke kira furojet.

Ranka ya daɗe, ga yadda abin yake tafiya a makarantu da dama. Ana ba ɗalibi take, galibi irin "Tasirin kaza a kan kaza a ƙaramar hukumar kaza". Sai ya nufi shagunan kwamfuta da ke bakin ƙofar makaranta, a buɗe masa tsohon aikin wani, a canza sunan gari da shekara, a ba shi babi biyar cif. Takardun tambayoyin da aka ce an raba wa mutane, shi da abokan ɗakinsa ne suka cike su a dare ɗaya, kowa yana sauya biro. A yi wa kundin bango mai tauri da rubutun ruwan zinariya, malami ya sa hannu, a jibge a ɗakin ajiya na sashe, gara da ɓeraye su gaje shi. Ba na ɗora laifin duka a kan malamin. Wanda aka danƙa wa ɗalibai gommai ya duba, ga koyarwa, ga makin jarrabawa, ga albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, ba zai iya bin kowa ƙauye ya tabbatar an je ba.

Asarar takarda da kuɗin iyaye ita ce mafi sauƙi a ciki. Abin da ke hana ni barci shi ne darasin da yaron ya fita da shi. Mun koya masa zaman lafiya da kishin ƙasa a darussan gama-gari, ya haddace ya ci jarrabawa. Amma abu na ƙarshe da makaranta ta nuna masa a aikace shi ne ana ƙirƙirar alƙaluma, manya su sa hannu, kuma a samu maki mai kyau. Wannan yaron ne gobe hukumar zaɓe za ta ɗauka yana bautar ƙasa ta ba shi takardar sakamakon rumfa. Shi ne zai riƙe rajistar rigakafi a asibitin ƙauye, shi ne zai auna yawan simintin da ya shiga gada, shi ne zai cike rahoton cewa yaran aji huɗu sun iya karatu. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya. An yi ta muhawara kan adalcin gwajin da korar da ta biyo baya, amma ba a tsaya sosai kan tambayar da ta fi shafarmu ba: wa ya ba su takardun shaidar da suka nemi aiki da su?

Na san gwamnati ta motsa. Tun daga watan Oktoban 2025 an wajabta ɗora kundin kammala karatu a rumbun ajiyar bayanan ilimi na NERD kafin a tura ɗalibi bautar ƙasa. Wannan zai taimaka wajen kama wanda ya kwafi aikin wani. Sai dai yau manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya zuba wa ɗalibi babi biyar sababbi ful, waɗanda ba su yi kama da na kowa ba, kuma ba a taka ko'ina ba kafin a rubuta su. Abin da ke da wuyar ƙirƙira shi ne mutum mai rai a wajen makaranta, wanda ya kawo matsalar, aka yi aikin a gabansa, kuma za a iya zuwa a tambaye shi.

Ba sabon tunani na kawo ba, muna da shi a gida. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fara a 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk manomin da ya taɓa neman irin masara na SAMMAZ, ko gyaɗar SAMNUT, ko dawar SAMSORG, ya ci moriyar binciken da aka yi a can, ko da bai taɓa ganin ƙofar jami'a ba. A ƙarshen 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, wadda ta daɗe tana sa manoma yawan feshi. Me ya ba binciken Samaru inganci? Tambayar daga gona take fitowa, kuma gona ce ke yanke hukunci. Idan irin bai yi ba, manomi ba zai sake shuka shi baɗi ba, komai yawan takardun da aka buga a kansa. Wannan ma'aunin ne ya ɓace a kundin ɗalibanmu, kuma ba sai da babban ɗakin gwaji ake dawo da shi ba.

Tambayoyin suna nan zube. Tumatirin Kadawa da ke ruɓewa a kwando lokacin kaka, da ƙwaron da ya cinye gonakinsa a 2016. Ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, wadda sai da kaburbura suka yi yawa kafin a gano ta. Ɗalibin difloma a fannin injiniya zai iya zagaya mazaɓa ɗaya, ya ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu, ya kwance su tare da makaniken garin, ya gano wane ƙarfe ne ke yawan lalacewa da nawa ake sayensa. Ɗalibar kwalejin ilimi za ta iya ɗaukar aji ɗaya a lokacin koyarwar gwaji, ta auna yara nawa ke iya karanta jimlar Hausa a farkon zango, ta gwada wata dabara, ta sake aunawa a ƙarshe, ta rubuta gaskiyar abin da ta gani ko da dabarar ba ta yi aiki ba. Shafi 20 na irin wannan ya fi shafi 100 na kwafe.

A nan ne kuma maganar samun aiki ta shigo. Shirin horon ɗalibai a masana'antu na SIWES ya haura shekara 50, amma da yawa suna ƙare shi ne da littafin da aka buga wa hatimi kawai. Me zai hana a haɗa horon da kundin su zama abu ɗaya? Wanda ya shafe watanni a garejin Panteka ta Kaduna, ko a injin casar shinkafa, yana warware wata matsala tasu, zai fito da sana'a a hannu, da mutanen da suka ga aikinsa, da abin da zai faɗa idan aka zaunar da shi ganawar ɗaukar aiki.

Ranka ya daɗe, hukumomin kula da manyan makarantu, NUC da NBTE da NCCE, duk a ƙarƙashinka suke. Idan suka zo tantance kwasa-kwasai, kujeru da littattafai da na'urori suke dubawa, kuma kowa ya ji labarin kayan aro da ake jerawa kafin baƙi su iso. Ka umarce su su riƙa zaro kundaye da hannunsu daga ɗakin ajiya, su je inda aka ce an yi aikin, su tambaya. A ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai duba, inda malamai suka yi kaɗan a bar ɗalibai huɗu ko biyar su haɗu kan aiki ɗaya na gaske. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda harajinsa ya tashi daga kashi 2.5 zuwa kashi 3 cikin ɗari a 2023, ya gina manyan ɗakunan karatu a ko'ina, kuma mun gode. A ware wani ɗan kaso na kuɗin mota da kayan gwaji ga ayyukan ɗalibai, domin talauci ma yana cikin abin da ke tura yaro shagon kwamfuta. Wajen ƙarin girma kuma, malamin da garin da ke maƙwabtaka ya amfana da aikin ɗalibansa bai kamata ya zauna a bayan wanda ya biya kuɗi aka buga masa takarda a mujallar da ba mai karantawa ba. Ina roƙon a ƙara shafi ɗaya a kowane kundi, a rubuta sakamakon da harshen mutanen da aka yi binciken a cikinsu, a kai musu, ɗalibin ya tsaya gabansu ya amsa tambayoyi.

Duk wannan yana buƙatar zangon karatu da ba ya yankewa. Yajin aikin 2022 ya rufe jami'o'in gwamnati wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wato damina guda ta wuce, kuma ba a gwada iri a gona bayan ruwa ya ɗauke. Cika alkawuran da aka yi wa malamai yana cikin wannan gyara.

Idan ana neman inda za a fara, ga kwalejojin ilimi na tarayya. Dokar 2023 ta ba su damar bayar da digiri tare da shaidar malanta ta NCE, don haka yanzu ake sake fasalin karatunsu. Ka sa wannan sharaɗin a ciki tun ginin yana ɗanye, a gwada shi shekara biyu, a duba abin da ya fito, sannan a faɗaɗa zuwa sauran makarantu.



Naka,
Wani malami a kwalejin ilimi